Kaluluwar Da Ke Biyo Bayan Dashe: Yadda Likitoci Ke Gane Ta Da Rarrabe Ta



A yau da wuya ki shiga unguwa a Kano ko Haɗeja ko Gashuwa ba ki ji labarin mai ciwon ƙoda ba. Wani yana zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, wani dangi sun haɗa kuɗi an kai shi Indiya ko Masar an yi masa dashe, wani kuma a nan gida aka yi masa, tunda asibitin St. Nicholas da ke Legas ya fara dashen ƙoda a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya bi sahu a 2002. Ranar da maras lafiya ya dawo gida akan cika da 'yan barka, a yi ta hamdala, kuma ya cancanta a yi. Sai dai fa tsugune ba ta ƙare ba. Jinyar ta sauya kama ne kawai, kuma galibi a hannun mace take komawa, ko mata, ko uwa, ko ƙanwa. Ita ce mai lissafin ƙwayoyin safe da na dare, ita ce kuma za ta fara lura idan wani abu ya sauya a jikinsa.

Akwai wata larura da takan ɓullo wa wasu daga cikin waɗanda aka yi wa dashe, wadda ba kasafai ake yi wa iyali bayaninta ba ranar sallama. Likitoci suna taƙaita sunanta da haruffa huɗu, PTLD, ma'anarsa kuwa ita ce hauhawar ƙwayoyin kaluluwa bayan dashe. Wani lokaci kumburi ne mai sauƙi da ke sacewa, wani lokaci kuma cikakkiyar sankarar kaluluwa ce, wadda ake kira limfoma. Ido ba ya iya raba su, haka ma lalube da hannu, ko da na babban likita ne.

Daga ina take tasowa?

Jikin ɗan Adam ba ya karɓar baƙon nama. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda Dakta Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, shi ya sa jiki bai yi tawaye ba. Amma ga sauran mutane, dole a danne garkuwar jiki da magani, irin su takrolimus ko saiklosporin, da firednisolon da makamantansu, kuma shan su ba na wata ɗaya ko shekara ɗaya ba ne, muddin ƙodar tana jiki ana sha. To ita wannan garkuwa da aka danne, ba baƙuwar ƙoda kaɗai take sa wa ido ba. Tana da wasu fursunoni da ta daɗe tana gadi.

Babba a cikinsu ita ce ƙwayar cutar da ake kira EBV, kuma tarihinta a nahiyarmu ya faro. A 1958 wani likitan fiɗa mai suna Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na birnin Kampala a Yuganda, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara. Daga naman irin waɗannan yara da ake aikawa Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wannan ƙwayar cuta a 1964. Daga baya aka fahimci cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita. Ta yawu take yaɗuwa, kuma a ƙasashenmu yawancin yara suna ɗaukarta tun suna ƙanana ba tare da sun ko kwanta ba. Kada gabanki ya faɗi, 'yar'uwa, da ni da ke akwai yiwuwar duk muna da ita. Takan shige cikin wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B ta yi kwanciyarta, wani rukunin kuma, ƙwayoyin T, su tsaya a kanta kamar masu gadi. Duk ƙwayar B da cutar ta zuga ta fara hayayyafa ba ƙa'ida, sai su kashe ta. Magungunan dashe kuwa ƙwayoyin T ɗin nan suke kwantarwa. Mai gadi ya yi barci, fursuna ya samu ƙofa.

Tun ƙarshen shekarun 1960 likitocin dashe suka fara ganin limfoma a jikin majinyatansu, har Dakta Israel Penn ya buɗe rajista ta musamman yana tattara labarin irin waɗannan cututtuka. Amma abin da ya sauya tunani shi ne rahoton da Dakta Thomas Starzl da abokan aikinsa na birnin Pittsburgh suka fitar a 1984, inda suka nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan kumburi sun sace da kansu bayan an rage maganin danne garkuwa. Sankarar da aka saba da ita ba ta yin haka. Daga nan aka gane cewa ba cuta ɗaya ba ce, dangi ne guda mai hawa-hawa, kuma sai an san a wane mataki mutum yake kafin a san abin da za a yi masa.

Yawan faruwarta ya danganta da abin da aka dasa. Masu dashen ƙoda su ne masu ƙarancin haɗari, kimanin mutum 1 zuwa 2 a cikin 100. Na hanta da na zuciya sun ɗara haka, na huhu yakan kai kusan 10 cikin 100, na hanji kuwa har 20. Haɗarin ya fi tsanani ga wanda bai taɓa ɗaukar EBV ba aka dasa masa gaɓar wanda ke da ita, shi ya sa yara suka fi shiga ciki. Lokacinta kuma biyu ne. Akwai wadda ke zuwa a shekarar farko, lokacin da maganin ya fi ƙarfi, kuma kusan duk EBV ce sanadi. Akwai kuma mai zuwa a makare, bayan shekara 5 ko 10 ko fiye, lokacin da kowa ya saki jiki, har an fara ƙyuyar zuwa ganin likita. A cikin waɗannan na baya da yawa ba a ma samun EBV ɗin.

Kama da wane ba ta wane

Alamomin ba baƙi ba ne a wurinmu, kuma a nan matsalar take. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare mai jiƙa riga, rama ba dalili, kasala. Sai kaluluwa a wuya ko hammata ko matsematsi, wadda sau da yawa ba ta ciwo, kuma ba ta sacewa bayan makonni. A jikin yara takan fara da kumburin tsokokin nan na cikin maƙogwaro, yaron da ba ya minshari ya fara, ko ya riƙa numfashi ta baki. Amma abin da ya kamata ki riƙe shi ne, wannan larura tana yawan fitowa a wuraren da ba na kaluluwa ba. Takan fito a hanji, da ciwon ciki ko gudawa ko baƙin bayan gida mai nuna jini. Takan fito a huhu ko hanta. Takan fito a ƙwaƙwalwa, da ciwon kai mai naci, ko ruɗewa, ko farfaɗiya, ko sauyin hali, irin wanda a gidajenmu nan da nan za a ce iska ce ko sammu. Takan kuma zama gyambo a baki wanda ya ƙi warkewa. Har a cikin ita ƙodar da aka dasa takan zauna.

Yanzu duba cututtukan da take kama da su. Idan ta zauna a cikin ƙodar, gwajin jini zai nuna aikin ƙodar yana raguwa, daidai da yadda yake nunawa idan jiki ya fara ƙin dashen. Maganin ƙin dashe shi ne a ƙara danne garkuwa. Maganin wannan larura na farko kuwa shi ne a sassauta dannewar. Gaba kura baya sayaki ke nan, domin wanda aka yi wa kuskure aka ƙara masa magani, an zuba wa wuta fetur.

Na biyu kuma, wanda ya fi kusa da mu, shi ne tibi. Zazzaɓi da gumin dare da rama da kaluluwar wuya, ai duk ma'aikacin lafiyar da ya gani a ƙasar nan tibi zai fara kawowa a ransa, kuma yana da hujja, tunda masu dashe sun fi sauran mutane saurin kamuwa da ita. Akwai al'adar a ce a fara maganin tibi a gani ko za a samu sauƙi. Ga mai dashe wannan gwaji yana da tsada ta fuska biyu. Idan limfoma ce, an yi asarar watanni. Sannan ɗaya daga cikin magungunan tibi, rifamfisin, yana sa hanta ta riƙa narkar da takrolimus da saiklosporin da sauri, ƙarfinsu ya faɗi a cikin jini, jiki ya far wa ƙodar da aka sha wahala aka samu. Ko da tibin ce da gaske, ba a fara wannan magani sai da sanin likitan ƙoda, domin ya daidaita ma'auni.

Akwai gwajin jini da ke auna yawan EBV, kuma yana da amfani wajen sa ido, musamman ga yara a shekarar farko. Amma ba ya yanke hukunci. Wani adadinsa yana sama alhali lafiyarsa ƙalau, wani kuma yana da cutar gwajin bai nuna komai ba. Hoto ma, ko na sikanin ko na CT, wurin kumburi da girmansa yake nunawa, ba ya faɗin sunansa.

Sai an ɗebi nama

Hanya ɗaya ce tabbatacciya: a yanko naman wurin a duba shi a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. A nan ne nake so mu yi magana ta gaskiya tsakaninmu. Mun taso muna jin cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Saboda wannan magana iyalai da yawa sukan ƙi sa hannu, su koma gida a shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Limfoma cuta ce ta ƙwayoyin da dama can yawo suke yi a cikin jini da magudanan kaluluwa, ba wuƙar likita ce ke ba su hanya ba. Abin da ke ba ta dama shi ne watannin da aka ɓata ana jira.

Likitoci sun fi son a ciro kaluluwar gaba ɗayanta, ko a yanko yanki mai kauri, maimakon a zuƙo ɗan ruwa da siririyar allura. Dalili shi ne mai dubawa ba ƙwayoyin kaɗai yake son gani ba, yana son ganin tsarin zamansu. Wanda aka kawo wa bulo ɗaya ba zai iya cewa gidan yana tsaye ko ya rushe ba. Wani abin kiyayewa kuma: kada a ƙara wa maras lafiya firednisolon ko deksametason daga kemis don kumburi ya sace kafin a ɗebi naman. Waɗannan magunguna suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, sakamako ya fito a dagule, a sake komawa baya.

Idan naman ya isa, tambayoyi ake yi masa ɗaya bayan ɗaya. Shin ginin kaluluwar yana nan ko ya rushe? Ƙwayoyin da suka taru iri-iri ne ko iri ɗaya? Na B ne ko na T? Ana gane wannan ta wasu rini na musamman da ke kama tambarin da ke jikin ƙwayar, kuma mafi shahara a ciki shi ne tambarin CD20. Shin akwai EBV a cikin su ƙwayoyin kansu? Gwajin wannan EBER ake ce masa. Sannan shin duk zuriyar ƙwaya guda ce da ta yi ta rabuwa, ko kuwa daga tushe daban-daban suke?

Daga amsoshin ne ake sanya cutar a ajinta. An daɗe ana gyara wannan rabe-rabe tun shekarun 1980, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin kundinta na 2001, ta sake tace shi a 2008 da 2017. Aji huɗu ne.

Na farko shi ne wanda bai yi rushe-rushe ba. Gida ya cika da baƙi har ya kumbura, amma ɗakuna da katanga suna nan yadda suke. Ya fi yawa ga yara da matasa, ya fi son maƙogwaro da kaluluwar wuya, kuma shi ne ya fi saurin sacewa idan an rage magani. A da ana kiransa "na farko-farko", amma a 2017 aka sauya sunan domin mutane suna ɗauka wai nufinsa mai zuwa da wuri bayan dashe, alhali yana iya zuwa a kowane lokaci.

Na biyu shi ne mai fuska da yawa, kuma shi ya fi ba masu dubawa wahala. A nan katanga ta faɗi, ginin ya rushe, amma taron da ke ciki kamar kasuwa yake, ga manya ga ƙanana ga matsakaita, kowa da kamarsa. Bai cika sharuɗɗan da za a kira shi limfoma kai tsaye ba, amma ya wuce a ce masa kumburi kawai. Kusan kullum akwai EBV a cikinsa. Wasu suna warkewa da rage magani, wasu sai an ƙara da wani abu.

Na uku shi ne mai fuska ɗaya, kuma shi ne mafi yawa a cikin abin da ake gani. Ki ɗauka kin shiga gidan biki kin tarar kowa ya yi anko, babu wadda ta fita daban. Wannan cikakkiyar limfoma ce, don haka ake ba ta sunan da za a ba irinta a jikin wanda ba a yi wa dashe ba. Mafi rinjaye ita ce ta manyan ƙwayoyin B masu bazuwa. Akwai kuma irin ta Burkitt mai tsananin sauri, da ta ƙwayoyin da ke ƙera sinadaran garkuwa, da ta ƙwayoyin T, wadda ba ta da yawa amma ta fi taurin kai.

Na huɗu, mafi ƙaranci, shi ne irin na Hodgkin, mai manyan ƙwayoyin da ake kwatantawa da idon mujiya. Yakan zo ne a makare.

Kada ki ɗauka dole cutar ta bi waɗannan azuzuwa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗaliban makaranta. Da yawa a aji na uku ake fara ganinsu. Kuma mutum ɗaya yana iya samun aji biyu a wurare biyu na jikinsa, shi ya sa wani lokaci likita zai ce a sake ɗiban nama daga wani wurin, iyali su ga kamar neman kuɗi ne.

A 2022 masana sun rabu gida biyu kan suna. Sabon kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haɗe wannan larura da sauran irinta da ke samun masu raunin garkuwa, kamar masu ƙanjamau, ya ce a riƙa rubuta abu uku a jere: kamannin naman, da ƙwayar cutar da aka samu, da dalilin raunin garkuwar. Wani rukunin ƙwararru na ƙasa da ƙasa kuma ya ci gaba da tsarin aji huɗu. Don haka idan kin ga takardun asibiti biyu da lafazi daban, ba lallai saɓani ba ne. Ni a ganina sabon tsarin ya fi yi wa mai jinya adalci, domin abubuwa ukun da ya ce a rubuta su ne ainihin abin da ya kamata ta tambaya.

Bayan an san aji, sai a auna inda cutar ta kai, daga mataki na 1 zuwa na 4. Hoton PET ya fi dacewa, amma ba kowane gari ke da na'urarsa ba, inda babu sai a yi da CT na wuya da ƙirji da ciki. Wani lokaci a ɗebi ɓargo, in kuma akwai alamun ƙwaƙwalwa a yi mata hoto a ɗebi ruwan ƙashin baya.

Amfanin duk wannan wahala yana bayyana ne wajen magani. Kusan kowa da rage maganin danne garkuwa ake fara masa, a ƙarƙashin kulawa, ana auna aikin ƙodar a kai a kai. A nan ina jan kunnenmu da babbar murya: wannan ragewa aikin likita ne. Kada wata ta karanta wannan shafi ta je ta rage wa maigida ƙwaya don ta ga kumburi, ko ta sauya masa lokacin sha saboda azumi ko tsadar magani ba tare da shawara ba. Idan ragewar ba ta wadatar ba, kuma naman ya nuna tambarin CD20, akwai maganin rituksimab, wanda aka fara amfani da shi a 1997, mai farautar ƙwayoyin da ke ɗauke da wannan tambari kaɗai. Idan babu tambarin, sayensa asarar kuɗi ce, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Binciken da Dakta Ralf Trappe na Jamus ya jagoranta, wanda aka buga a 2012, ya nuna amfanin fara ba da rituksimab sau 4, mako-mako, kafin a shiga magungunan sankara masu ƙarfi. Ci gabansa na 2017 ya nuna cewa waɗanda cutar ta ɓace musu bayan zagayen farko za su iya ci gaba da rituksimab kaɗai, a hutar da su daga masu ƙarfin. Irin na Burkitt da na Hodgkin da na ƙwayoyin T da wanda ya kama ƙwaƙwalwa kuwa, kowanne da tasa hanyar daban. A ƙarshen 2022 Tarayyar Turai ta amince da wani sabon magani na ƙwayoyin T da aka horar su farauci EBV, domin waɗanda maganin farko bai yi musu aiki ba.

Ga wadda za a yi wa nata dashe nan gaba, musamman in yaro ne, ta tambaya tun kafin aiki ko an gwada EBV ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma a rubuta mata sakamakon. Waɗanda za su dawo daga waje su karɓo cikakken rahoton aikin, har da sunan allurar da aka yi a kwanakin farko don danne garkuwa, domin wasunsu sun fi wasu jawo wannan larura, kuma likitan gida zai buƙaci sani ko bayan shekara 10 ne. Idan kuma an riga an ɗebi nama, ki sani ba a zubar da shi. Ana daskarar da shi a cikin ɗan dunƙulen kakin farafin irin na asibiti, a ajiye shi shekaru da lamba a jiki. Ba kowane ɗakin gwaji ke da rinin CD20 ko gwajin EBER ba, amma ana iya neman wannan dunƙule ta hannun likita a aika shi wani asibitin da ke da su, ba sai an sake yanka maras lafiya ba. Ki rubuta lambar a cikin littafin da kike rubuta magunguna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.